Maggie Steffens da wasan da rabinsa ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa

Saura sakan ɗaya tal a tashi, Amurka na da 9, Ostireliya na da 8. A Landan ne, cikin watan Agustan 2012, a wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon ruwa na mata a gasar Olamfik. Sai kocin Amurka, Adam Krikorian, ya nemi a dakatar da wasa don ya yi magana da 'yan wasansa, yana zaton ƙwallon tana hannun mai tsaron ragarsa. Ashe ba ta kama ta ba. Dokar wasan kuwa ta ce wanda ya nemi hutu alhali ƙwallo ba ta hannun ƙungiyarsa, fenareti za a ba abokan karawa. Ostireliya ta jefa, ta ci, aka yi kunnen doki 9 da 9. Wasan da aka riga aka ci ya koma ɗanye.

A ƙarin lokaci, autar tawagar, yarinya 'yar shekara 19 mai sanye da hula mai lamba 6, ta zura ƙwallo, Amurka ta tsira da 11 da 9. A wasan ƙarshe suka doke Sifaniya 8 da 5, biyar daga cikin takwas ɗin nan daga hannunta suka fito. Ta kammala gasar da ƙwallo 21, aka zaɓe ta gwarzuwar gasa. Sunanta Maggie Steffens, kuma wannan ce zinare ta farko da matan Amurka suka taɓa ci a wasan.

Da wuya a sami labarin 'yar wasa da ya fi nata dacewa idan ana son a gane yadda rayuwar ƙwararriyar 'yar ƙwallon ruwa take. Ta kai ƙololuwar da ake iya kaiwa, amma duk da haka ba ta kuɓuta daga abubuwan da suke damun sauran ba: ciwon jiki, ƙarancin kuɗi, da mantuwar da duniya take yi da su na shekara huɗu har sai Olamfik ta zagayo.

Kafin a je ga rayuwarta sai an fahimci wasan, don wanda ya kalle shi a talabijin rabinsa kawai ya gani. Turawa suna ce masa wota folo. Kowace ƙungiya 'yan wasa bakwai ne a cikin ruwa, ɗaya mai tsaron raga da jar hula, shida a fili. Filin mata tsawonsa mita 25 ne, faɗinsa 20. Raga tana shawagi a kan ruwa, faɗinta mita 3, tsayinta santimita 90. Ana yin zango huɗu, kowanne minti 8, amma agogo yana tsayawa duk lokacin da aka busa usur, shi ya sa wasa yakan ci kusan awa guda. A duk gasannin Olamfik da Steffens ta buga zuwa yanzu, sakan 30 ake ba ƙungiya ta kai hari, in ba ta jefa ba ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Da hannu ɗaya ake kamawa, da hannu ɗaya ake jifa, mai tsaron raga kaɗai aka yarje wa hannu biyu.

Abin da ke ba sabon ɗan kallo mamaki shi ne babu wadda take tsaye. Zurfin ruwan a manyan gasa mita 2 ne, kuma taka ƙasa laifi ne. Idan ka ga 'yar wasa ta fito daga ruwa har ƙugu, ta ɗaga hannu ta ɗirka ƙwallo, to ƙafafunta ne suka ɗaga ta. Akwai wani tuƙin ƙafa da suke yi, gwiwoyi a buɗe, ƙafar dama na juyawa ta nan, ta hagu ta can, ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa. Su 'yan wasan da sunan makaɗin ƙwai na kicin suke kiransa, saboda kamannin juyin. Da shi ake tsayuwa, da shi ake tsalle, da shi ake ture abokiyar karawa, da shi kuma ake hutawa. Yarinyar da ba ta ƙware a wannan ba, ko da hannunta ya kai na kowa ƙarfi, ba za ta je ko'ina ba. A wajen horo sukan ɗaga abu mai nauyi sama da kai, su yi ta tuƙi har cinyoyi su ɗauki wuta. Kuma wannan juyin ne yake cin gwiwa da ƙugu a hankali, kamar yadda jifa take cin kafaɗa.

Sai kokawar. Alƙalan wasa biyu ne, a bakin tafki suke tafiya, abin da ke saman ruwa suke gani. A ƙasa kuwa ana riƙo, ana jan riga, ana shuri, ana danna gwiwa a haƙarƙari. Shi ya sa kafin a fara wasa alƙalai kan bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya su duba farcen hannu da na ƙafa, wadda nata ya yi tsawo sai ta yanke. Shi ya sa kuma rigar mata take matse jiki ƙam, don kada hannu ya sami wurin kamawa, hular kuma take da marfin roba a kan kunnuwa. Mafi tsananin kokawar a gaban raga take, wajen mita biyu, inda 'yar tsakiya take juya wa raga baya, mai tsaronta na rataye a wuyanta. Idan mai tsaron ta wuce gona da iri, alƙali ya fitar da ita na ɗan lokaci (sakan 20 ne a gasannin Olamfik da Steffens ta buga), sai a koma shida da biyar. Manyan wasanni da yawa a waɗannan 'yan sakanni ake cinsu ko a rasa su. Wadda aka kama da babban laifi sau uku kuwa ta gama wasan ranar.

A irin wannan hargitsin ne baiwar Steffens take fitowa. Ba ta fi sauran tsawo ko girman jiki ba. Abin da take da shi shi ne ido da saurin yanke shawara: ta san inda gurbi zai buɗe tun bai buɗe ba, ta san lokacin jifa da lokacin miƙawa. A ganina yawan ƙwallayenta ya sa ana rage mata haƙƙi wajen tsaro da rabon ƙwallo, alhali nan ne kyaftin take nuna kanta.

Sai dai kafin yarinya irinta ta sami fagen nuna baiwa, sai da wasu mata suka yi ta bugun ƙofa. Maza sun fara ƙwallon ruwa a Olamfik tun 1900 a Faris. Mata ba su shiga ba sai 2000 a Sidni. Shekara ɗari cif. Ba don ba sa wasan ba ne, tun 1986 suke da gasar cin kofin duniya tasu, wadda Ostireliya ta fara ɗauka a Madrid. Da aka ba Sidni baƙuncin gasar, 'yan wasan Ostireliya suka ƙi yarda a yi biki a gidansu su zama 'yan kallo. Suka yi zanga-zanga, suka tari manyan jami'an wasanni a filin jirgin sama da kwalaye a hannu, har aka ba da kai, aka ware wa mata gurbin ƙungiya shida. Su ne kuma suka ci zinaren, 4 da 3 a kan Amurka, da ƙwallon da Yvette Higgins ta jefa saura sakan ɗaya da 'yan kai.

A cikin tawagar Amurka da ta sha kashi a daren nan akwai Maureen O'Toole, mai shekara 39. Ta yi shekaru ana ce mata gwanar duniya a lokacin da babu Olamfik ga mata, har ta yi ritaya, sannan ta dawo da aka buɗe ƙofa, don ta taka fagen ko da sau ɗaya. Ita ce daga baya ta horar da yara a kulob ɗin Diablo a arewacin Kaliforniya, kuma cikin yaran da suka bi ta hannunta akwai Maggie Steffens. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji tausayin tsarar O'Toole, matan da ƙuruciyarsu ta ƙare kafin a ba su dama, in kuma ji daɗin cewa wahalarsu ba ta faɗi ƙasa banza ba.

An haifi Maggie ranar 4 ga Yunin 1993, ta tashi a garin Danbil na jihar Kaliforniya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: mahaifinta, Carlos Steffens, ya buga wa Fuwato Riko ƙwallon ruwa, ya kuma yi fice a jami'ar Kaliforniya da ke Bakili. Ita ce auta cikin 'ya'ya huɗu, dukansu sun yi wasan. Yayarta Jessica tana cikin tawagar da ta je Beijin a 2008. Maggie na 'yar shekara 15 ta zauna a cikin 'yan kallo, ta ga Holan ta doke su 9 da 8 a wasan ƙarshe, Daniëlle de Bruijn ita kaɗai ta ci bakwai. Azurfa a Sidni, tagulla a Atina a 2004, azurfa kuma a Beijin. Kullum a bakin ƙofa. Bayan shekara huɗu ya da ƙanwa suka hau dandamali tare da zinare a wuya, tare da Brenda Villa, 'yar baƙin haure daga Meziko, wadda ta sha duk waɗancan ɗacin uku kafin ta ɗanɗani wannan zaƙin a gasarta ta huɗu.

Gida kaɗai bai isa ya bayyana yadda Amurka ta mamaye wasan ba. Akwai doka ta 1972, wadda ake kira Babi na Tara, da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da fannin wasanni. Ita ta tilasta wa jami'o'i su buɗe ƙungiyoyin mata su kuma ba da guraben karatu ga 'yan wasa. A 2001 aka fara gasar jami'o'i ta ƙasa ta ƙwallon ruwan mata a hukumance. Tun daga nan hanya ta zama a shimfiɗe: kulob na unguwa, makarantar sakandare, jami'a, tawagar ƙasa. Yarinya za ta sami tafki, koci, likita da digiri a wuri guda. Steffens ta jinkirta shiga jami'ar Stanford da shekara ɗaya don ta shirya wa Landan, sannan ta shiga ta ci kofin jami'o'i sau uku, a 2014, 2015 da 2017. A na ƙarshen ita ta zura ƙwallon nasara a kan jami'ar UCLA ana daf da tashi.

Amma hanyar tana da ƙunci. Kusan duk manyan ƙungiyoyin a Kaliforniya suke, kuma wasan yana buƙatar tafki mai zurfi da iyayen da za su iya biyan kuɗin kulob da tafiye-tafiye. Shi ya sa zuwan Ashleigh Johnson ya zama babban labari. Daga Mayami ta fito, a jami'ar Princeton ta yi karatu, kuma a 2016 ta zama baƙar mace ta farko da ta shiga tawagar Amurka ta Olamfik a wannan wasa. Mai tsaron raga ce, kuma duk wanda ya ga yadda take tashi daga ruwa ta rufe raga ya san cewa zinaren Riyo da na Tokiyo da hannunta dumu-dumu a ciki. A Afirka kuwa sai a gasar Tokiyo aka fara ganin tawagar mata daga nahiyar, ta Afirka ta Kudu.

Riyo a 2016 ba ta yi wa Amurka wuya ba. Steffens ce kyaftin, ta ci 17, suka lallasa Italiya 12 da 5 a wasan ƙarshe, aka sake zaɓenta gwarzuwa.

Tambayar da ke jiran kowace 'yar wasan Amurka bayan digiri ita ce: sai ina? Ƙasar ba ta da gasar ƙwararru da ke biyan albashin da za a rayu da shi. Mai son ci gaba sai ta haye teku zuwa Sifaniya, Italiya, Girka ko Hungari, inda kulob-kulob suke da tarihi da magoya baya. Steffens ta buga wa kulob ɗin UVSE a Budafes ta Hungari, ƙasar da ƙwallon ruwa yake kamar gadon gida, sannan ta koma Sabadel kusa da Basalona, inda ta ci kofin zakarun Turai a 2019. A can ta zauna ɗaki ɗaya na canjin kaya da Laura Ester da Maica García, matan da ta hana zinare a Landan. Wannan zaman na Turai yana koya wa 'yar wasa salon da ba ta saba ba, amma a ɗaya gefen abokan hamayya ma suna karantar ta kullum a wajen horo. Kuɗin kuma ba ya kusa da na ƙwallon ƙafa ko tanis. Ga mafi yawansu, masauki ne da albashi daidai rufin asiri.

Idan shekarar Olamfik ta gabato sai a kira su gida, su tare a kudancin Kaliforniya, su ajiye karatu da aiki, su shiga horo safe da yamma na watanni. Iyo, ɗaga ƙarfe, kallon bidiyon abokan karawa, wasan gwaji. A ƙarshe 'yan kaɗan za a ɗauka, mutum 13 kawai a gasar Faris ta 2024. Akwai wadda za ta ba da shekara guda ta rayuwarta, a kira ta ofis saura 'yan makonni a tafi, a ce mata ba ta cikin jerin. Ba a cika jin labarin waɗannan ba, alhali da jikinsu aka wasa waɗanda suka tafi.

Gasar Tokiyo annobar korona ta ɗaga ta zuwa 2021, aka yi ta babu 'yan kallo. A wasansu da Sin aka bugi Steffens a fuska, hanci ya karye, jini na zuba. Ta ci gaba da gasar a haka. Hungari ta doke su 10 da 9 a rukuni, shan kashinsu na farko a Olamfik tun wasan ƙarshe na Beijin. Suka farfaɗo, suka casa Sifaniya 14 da 5 a wasan ƙarshe, zinare na uku a jere. A wannan gasar ce ta wuce tarihin Tania Di Mario ta Italiya mai ƙwallo 47, ta bar Tokiyo da 56, babu macen da ta kai haka a Olamfik. Ga kofin duniya kuma, ta ɗauka a 2015, 2017, 2019, 2022 da 2024.

Mai karatu zai yi zaton mai irin wannan tarihi ta gama da zancen kuɗi. Gwamnatin Amurka ba ta biyan 'yan wasan Olamfik albashi. Kwamitin Olamfik na ƙasar, da kuɗin tallace-tallace da gudummawa yake tafiya, yana ba da ɗan alawus, da tukuicin dala 37,500 ga wanda ya ci zinare a Tokiyo. A raba wannan a kan shekara huɗu na horo a jiha mai tsadar haya kamar Kaliforniya, a ga abin da zai rage. Steffens ta haɗa kai da Tony Azevedo, tsohon kyaftin ɗin maza, suka kafa kamfanin 6-8 Sports, sunan daga lambobin hulunansu, suna horar da yara suna kuma tattara alƙaluman wasa. Ita ke nan da ta fi kowa suna. A watan Mayun 2024 ta yi rubutu a Instagram tana roƙon jama'a su waiwayi wasan, ta ce 'yan wasa da yawa sai sun haɗa da aiki na biyu har da na uku kafin su iya bin burinsu. Mawaƙin nan Flavor Flav ya gani ya amsa, ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyar ta tallafa wa ƙwallon ruwan Amurka, ya bi su har Faris yana tsaye a bakin tafki da hular wasa a kansa. Alherinsa abin yabo ne, kuma ya jawo idon mutanen da ba su taɓa jin sunan wasan ba. Amma abin ya tsaya mini a rai. Tawagar da ta ci zinare uku a jere, a ƙasa mafi arziki a duniya, sai da kyaftin ɗinta ta fito fili ta nemi agaji. To ina ga 'yar wasan da ƙasarta ba ta taɓa hawa dandamali ba?

Faris a 2024 ta zo da nauyi tun kafin a shiga ruwa. Ana saura 'yan kwanaki a buɗe gasa, ƙanwar mijin Steffens, wadda ta zo birnin don ta mara mata baya, ta rasu ba zato. Da wannan makokin ta shiga wasa, tana da shekara 31, tana neman abin da babu tawagar da ta taɓa yi, ta maza ko ta mata, wato zinare huɗu a jere. Mazan Hungari ma a uku suka tsaya, daga 2000 zuwa 2008.

Alamu sun riga sun nuna cewa sauran ƙasashe sun cim musu. A gasar duniya ta 2023 a Fukuwoka, Italiya ta fitar da su tun a zagayen 'yan takwas, Holan ta ɗauki kofi. A Faris, Sifaniya ta doke su 13 da 11 a rukuni. Da ƙyar suka wuce Hungari 5 da 4, Johnson na ta kaɗe ƙwallaye kamar ba za ta gaji ba. A wasan kusa da na ƙarshe suka sake haɗuwa da Ostireliya, kamar a Landan. Amurka ta yi gaba da 5 da 2, Ostireliya ta biyo ta a hankali har aka tashi 8 da 8, aka je bugun fenareti, wannan karon sa'a ta juya. A wasan neman tagulla ma suna gaba, Holan ta kamo su, Sabrina van der Sloot ta jefa ta ƙarshe saura ƙasa da sakan ɗaya, 11 da 10. Karo na farko ke nan tun 2000 da matan Amurka suka koma gida hannu rabbana.

Zinaren ya tafi Sifaniya, wadda ta doke Ostireliya 11 da 9. A cikin waɗanda suka faɗa ruwa suna kuka don murna akwai Laura Ester, Maica García, Anni Espar da Pili Peña, dukansu suna cikin tawagar da Steffens ta zura wa biyar a Landan shekara 12 da suka wuce. Gasa ta gaba a 2028 a Los Anjeles za a yi ta, a jihar da aka haifi Steffens, kuma kwamitin Olamfik na duniya ya amince mata su zo da ƙungiya 12, daidai da na maza. A Sidni shida ne.